MAN ZAITI: A SHAƘA, KADA A SHA

KEFFI, Jihar Nasarawa. Da zarar watan Nuwamba ya kama, iskar hunturu ta fara kaɗowa daga arewa da ƙura da hazo, to, kasuwar masu kemis da masu tallar magani ta buɗe ke nan a garin Keffi. Ko'ina ka juya sai tari da atishawa, yaro da babba, hanci ya toshe, leɓe ya tsage. Cikin abubuwan da aka fi nema a irin wannan lokaci har da wata 'yar kwalba wadda tsawonta bai fi na ɗan yatsa ba, mai ɗauke da wani mai garai-garai kamar ruwa, mai ƙamshi mai ratsa kai. Wannan shi ne man zaiti, wanda a ke tatsowa daga ganyen dogon itacen nan da wasu ke kira zaiti, wasu kuma su ce itacen turare.

Mutanen Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal su ma sun san kwalbar sarai, ko da ya ke su tasu murar ta fi zuwa da damina, sa'ad da ruwa ke kwana yana zuba, ɗaki ya yi laima, tufafi su ƙi bushewa. Da yawa ma su kan sayo ta su kai gida tsaraba in za su Salla ko ganin iyaye.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan mai da a ke ajiyewa a kan taga ko cikin kwano tare da kwalli da hoda, ƙaramin cokalin shayi guda nasa ya isa ya sumar da yaro. Mai amfani ne in an san yadda a ke aiki da shi, amma guba ne in ya shiga ciki. Sabo da haka ya kamata kowane magidanci da kowace uwa su san asalinsa, da iyakar abin da ya ke iya yi, da kuma inda haɗarinsa ya ke.

BAƘO NE DAGA OSTARELIYA

Shi dai itacen zaiti ba ɗan ƙasa ba ne. Asalinsa daga Ostareliya ne, inda a ke da irinsa fiye da 700. Mutanen ƙasar na asali sun daɗe suna aiki da ganyensa wajen maganin mura da raunuka tun kafin Turawa su sa ƙafa can. A shekarar 1788, watau shekarar da Ingilishi suka kafa zangonsu na farko a Sidni, likitocin da suka zo tare da ayarin suka tatsi man ganyen wani iri daga ciki suka yi wa mutanensu magani da shi. Amma ba a mai da abin sana'a ba sai a 1852, sa'ad da wani mai harhaɗa magunguna, Josef Bosisto, ya kafa tukunyar tatsa kusa da birnin Malbon ya fara sayarwa. A 1870 kuma wani masani a Faransa ya ware sinadarin da ya fi yawa cikin man, wanda yanzu a ke kira siniyol. Shi ne mai ƙamshin nan da ke ratsa hanci.

Daga nan sunan itacen ya bazu a duniya, har aka yi masa laƙabi da itacen zazzaɓi. A wancan zamani Turawa sun ɗauka mugun warin fadama ne ke kawo zazzaɓin nan da yanzu a ke kira na cizon sauro. Don haka a wajen 1870 wasu malaman Kirista masu zaman zuhudu a wata fadama kusa da birnin Rum suka dasa itatuwan zaiti da yawa, da fatan ƙamshin zai kore cutar. Ashe inda aka sami sauƙi, saiwar ce ta kawo shi, domin itacen mai shan ruwa ne ƙwarai, ya kan busar da kududdufan da sauro ke ƙyanƙyasa. Sai a 1897 wani likita, Ronal Ros, ya tabbatar a ƙasar Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. Wannan labari yana da darasi, gama har gobe a kan jingina wa ƙamshin zaiti aikin da ba nasa ba.

YADDA YA SHIGO AREWA

A zamanin mulkin Turawa ne ma'aikatan gandun daji suka shigo da itacen Nijeriya. Inda ya fara yin suna shi ne kan tudun Jos. Haƙar kuza ta bar ramuka da tarin ƙasa wadda ba ta noma, sai daga ƙarshen shekarun 1940 gwamnati ta shiga baje wuraren tana dasa musu zaiti, don shi ne ke iya tsira inda sauran itatuwa suka gaza. Keffi kuwa ta daɗe ƙarƙashin mulki guda da Jos, da farko cikin Jihar Binuwai da Filato, sa'an nan cikin Jihar Filato, har ran 1 ga Oktoba 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa.

A shekarun 1960 masu binciken gandun daji na Samaru ta Zariya suka gwada iri-iri na itacen a dajin Afaka kusa da Kaduna da wasu wurare, don a ga wanda ya fi dacewa da ƙasar Arewa. Bayan babban farin nan na 1972 zuwa 1974 kuma aka dasa shi layi-layi a ƙasar Kano da sauran jihohin bakin hamada domin ya tare iska, kamar yadda aka yi a Yambawa kusa da Ɗambatta. Ta haka baƙo ya zama ɗan gari. Yau a Keffi da garuruwan da ke kewaye da ita a kan gan shi a harabar makarantu da gidajen ma'aikata da gefen hanya, dogo sambal, ɓawonsa na saɓulewa, ganyensa sirara suna rataye.

Dalilin da ya sa aka so shi a bayyane ya ke. Yana da saurin girma, dabbobi ba su damu da ganyensa ba, in an sare shi kuma ya sake tofo. Ana samun sandunan gini da itacen girki daga gare shi. Manoma dai suna kuka da shi, sabo da hatsin da ke dab da gindinsa ba ya yin kyau, ya shanye masa ruwa. Abin lura a nan shi ne, domin itace da inuwa da tare iska aka kawo shi Arewa. Ba a kawo shi domin mai ba.

YADDA A KE TATSO MAN

In mutum ya tsinki ganyen zaiti ya ɗaga shi ya duba ta hasken rana, zai ga wasu ƙananan ɗigo-ɗigo masu haske ko'ina a jikinsa. Cikinsu man ya ke. Ba a matse shi kamar yadda mata ke matse tunkuza su fid da man gyaɗa. Da tururi a ke fid da shi. A kan cusa ganye cikin babbar tukunyar ƙarfe mai murfi, a tafasa ruwa a ƙarƙashi, tururin ya ratsa ganyen ya kwaso man. Daga nan tururin ya bi ta wani bututu mai lanƙwasa wanda aka nutsar cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa ya ɗiga cikin kwano. Da ya ke man bai kai ruwa nauyi ba, sai ya taso sama, a kwashe shi.

Wannan dabara daɗaɗɗiya ce. Tun a ƙarni na 9 malamin nan na Bagadaza, Alkindi, ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tatso shi ta wannan hanya. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne yawan ganyen da ke shiga tukunya. Kilo 100 na ganye bai cika ba da fiye da lita 1 zuwa 3 na mai ba. Watau 'yar kwalbar nan da a ke sawa a aljihu ta tattara ƙarfin ganye mai yawan gaske. Wanda ya saba dafa ganye biyar ko goma a tukunya, kada ya ɗauka shi da man kwalba abu guda ne. Man da a ke sayarwa domin magani, ƙa'ida ita ce siniyol ɗin da ke cikinsa ya kai kashi 70 cikin 100 ko fiye.

SURACE DA ABIN DA TURAWA KE KIRA AROMATERAFI

Keffi ba ta fi mil 30 daga Abuja ba, watau kimanin kilomita 50, kuma ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suna kai da kawowa kullum ta Masaka da Mararraba. Duk abin da aka fara yayi a babban birni, ba ya daɗewa ya iso. Cikin yayin 'yan shekarun nan har da abin da Turawa ke kira aromaterafi, watau neman lafiya ta hanyar ƙamshi. Wani Bafaranshe masanin haɗa turare, Rene Gatefose, shi ya fito da sunan cikin littafin da ya buga a 1937. Yanzu a kan sayar da kwalaben tataccen mai iri-iri tare da wata 'yar tukunyar lantarki mai fesa ƙamshin cikin ɗaki.

Ga Bahaushe kuwa suna ne kawai sabo. Tun kaka da kakanni an san surace: a dafa ganye, a sauke tukunya, mai mura ko zazzaɓi ya lulluɓa da bargo ya sunkuya yana shaƙar tururin har gumi ya keto masa. An san turaren wuta da hayaƙin magani, an san ganyen da a ke dafa wa mai jego. Da itacen zaiti ya yaɗu, sai ganyensa ya shiga tukunyar surace tare da na darbejiya da mangwaro da gwaba da lemun tsami. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, surace ya sake farfaɗowa a Arewa da Kudu baki ɗaya, ko da ya ke likitoci sun yi ta bayani cewa tururi ba ya kashe ƙwayar wannan cuta.

Ban da tsantsar man, akwai shi kuma cikin mayukan shafawa masu zafi da kowa ya sani, irin su Vicks da Robb da Aboniki, inda a ke gauraya kaɗan daga cikinsa da kafur da mentol, watau sinadarin nan mai sanyi na na'ana'a.

ABIN DA YA KE YI, DA WANDA BA YA YI

Duk wanda ya taɓa shaƙar man zaiti da toshewar hanci ya san yadda nan take ya kan ji kamar an buɗe masa taga. To, mene ne ke faruwa? A 1983 wasu masu bincike a birnin Kadif na ƙasar Birtaniya suka auna iskar da ke wucewa ta hancin mutane kafin su shaƙi zaiti da kafur da mentol, da kuma bayan sun shaƙa. Mutanen suka ce sun ji hancinsu ya buɗe, amma ma'auni ya nuna ƙofar iskar tana nan yadda ta ke. Abin da man ke yi shi ne ya taɓa jijiyoyin da ke jin sanyi cikin hanci, sai mutum ya ji kamar iska mai yawa na shiga.

Wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Mai mura in ya ji sauƙi ya sami barci, barci kuwa rabin magani ne. A 2010 an yi wani gwaji a Amurka da yara 138 masu shekara 2 zuwa 11, inda iyayen waɗanda aka shafa wa irin wannan mai a ƙirji suka ba da labarin cewa tarin dare ya ragu, barci ya ƙaru, ko da ya ke wasu yaran fatarsu ta yi zafi. Hukumar kula da magunguna ta ƙasashen Turai ma ta amince da man zaiti a matsayin maganin gargajiya don rage tarin mura da ciwon tsoka. Iyakar aikinsa ke nan. Mura kuwa da kanta ta kan warke cikin mako guda ko kwana goma, an shaƙi mai ko ba a shaƙa ba.

Haɗarin yana zuwa ne sa'ad da aka dogara da ƙamshi alhali cutar ta wuce mura. Ciwon huhu, wanda a ke kira namoniya, yana cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙananan yara a Nijeriya, kuma da kamannin mura ya kan fara. Alamarsa ita ce numfashi da sauri da kuma faɗawar ƙasan haƙarƙari in yaro ya ja iska. Uwa na iya ƙirgawa da agogo: jaririn da bai kai wata 2 ba in ya yi numfashi 60 ko fiye cikin minti guda, ko ɗan wata 2 zuwa 11 ya yi 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya yi 40, to, asibiti za a nufa, a bar batun shafe-shafe. Haka nan babban da ya yi tari fiye da mako biyu, musamman in yana rama yana gumin dare, sai ya je a gwada shi ko tarin fuka ne. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Mai ciwon asma kuma ya yi hankali, domin ƙamshi mai ƙarfi ya kan tayar wa wasu da ciwon.

ZAITI DABAM, ZAITUN DABAM

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Kalmar zaiti da kalmar zaitun duk daga Larabci suka fito, daga tushe guda mai ma'anar mai, kuma harafi ɗaya ko biyu ne ya raba su a bakin mai magana. Amma a cikin ciki tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa. Man zaitun daga 'ya'yan itacen zaitun a ke matso shi, itacen da Alƙur'ani mai girma ya ambata. Abinci ne, ana girki da shi, ana shansa, masu maganin Musulunci suna haɗa shi da zuma da habbatus sauda. Yana da kauri da maiƙo, launinsa ruwan ɗorawa ko kore-kore, ƙamshinsa kaɗan ne. A jikin kwalbarsa a kan rubuta Olive Oil. Man zaiti kuwa tsinkakke ne kamar ruwa, ƙamshinsa na cika ɗaki, a jikin kwalbarsa a kan rubuta Eucalyptus Oil. Wanda aka aika kasuwa, musamman yaro ko wanda bai iya karatun boko ba, lalle a tabbata ya gane wanne a ke nufi.

Likitocin Ostareliya, ƙasar da ta fi kowa sanin wannan mai, sun daɗe suna gargaɗi a kansa. A 1995 aka buga rahoton yara 109 da aka kai asibitin yara na birnin Malbon bayan sun sha man zaiti, yawancinsu 'yan shekara biyu ko kusa da haka. Fiye da rabinsu sun nuna alamun guba. Rahoton ya nuna cewa mililita 2 zuwa 3 na tsantsar man na iya sa yaro ya fara layi da gyangyaɗi, mililita 5 kuwa, watau cikin ƙaramin cokalin shayi, na iya sa shi ya suma. A 2017 kuma likitoci a birnin Bangalo na Indiya suka ba da labarin mutum 10 da jijjiga ta kama bayan sun shaƙi man, mafi yawansu ba su taɓa yin farfaɗiya ba. Sabo da haka mai farfaɗiya, da yaron da ya taɓa yin jijjigar zazzaɓi, su nisance shi ɗungum.

A KIYAYE JARIRAI

A nan ne maganar ta fi shafar mazauna Kudu. A gida Arewa, in yarinya ta yi haihuwar fari akwai uwa da kaka da ungozoma a kanta. A Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun kuwa, sau da yawa daga ita sai mijinta da ya fita nema tun da asuba, sai maƙwabta, kowa da tasa shawarar. Wata ta ce a ɗiga wa jariri man a hanci, wata ta ce a shafa masa a cibiya don ta yi saurin faɗuwa, wata ta ce a ɗiga cikin ruwan shansa. Duk ukun kuskure ne.

Hanyar numfashin jariri 'yar siririya ce ƙwarai. Ƙamshin da ke sa babba ya ji daɗi, shi jariri yana iya shaƙe masa maƙogwaro ko ya ƙara masa majina. Don haka hukumar magunguna ta Turai ta hana amfani da man zaiti ga yaron da bai kai wata 30 ba, watau shekara biyu da rabi. Masu yin Vicks su ma sun rubuta a jikin kwalbarsu cewa ba na yaron da bai kai shekara 2 ba ne, kuma ba a sa shi cikin hanci. Jaririn da hancinsa ya toshe, abin da ya fi masa shi ne nono a kai a kai da ɗigon ruwan gishirin nan na hanci da a ke sayarwa a kemis.

Batun cibiya kuwa, a Ikko ma aka yi binciken. A 1980 likitocin yara biyu, ɗayansu Farfesa Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama Ministan Lafiya, suka nuna cewa jariran da ke da wani gadon rauni na jini, wanda ya yawaita a Nijeriya, sun fi kamuwa da shawara mai tsanani in an sa musu hoda mai mentol a cibiya. Irin wannan shawara tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Ƙwallon kafur da a ke sawa cikin akwatin kayan jariri shi ma yana da wannan illa. Abin da hukumomin lafiya suka amince a shafa wa cibiya shi ne man nan na asibiti mai suna kulohekzidin, wanda Jihar Sakkwato ta fara rabawa a 2013, Gwamnatin Tarayya kuma ta fito da shirin yaɗa shi ko'ina a 2016.

YADDA BABBA ZAI YI AMFANI DA SHI

Ga baligi mai lafiya, hanya mafi sauƙi ita ce ya ɗiga ɗigo 1 ko 2 a hankici ya riƙa shaƙa. In surace zai yi, ɗigo 2 ko 3 cikin kwanon ruwan zafi sun isa, ya rufe ido, kada ya wuce minti 10. A ajiye kwanon a ƙasa inda ba zai kife ba, a kori yara daga wurin, domin ƙunar ruwan surace ta sha kai yara asibiti. In shafawa za a yi don ciwon baya ko na gaɓoɓi, kamar yadda 'yan dako da masu turin kura da direbobi su kan yi, sai a gauraya ɗigo 3 zuwa 5 cikin babban cokali na man kaɗanya ko man kwakwa. Kada a shafa tsantsarsa, kada a sa a ido ko a kan rauni. Mai ciki ta tambayi likita ko ungozomar asibiti tukuna. Man yana kama wuta, kada a kai shi kusa da fitila ko risho ko kaskon turare.

Wajen saye, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji wanda aka ɗura cikin kwalbar da ba ta da suna. Akwai gwaji mai sauƙi: a ɗiga ɗigo guda a farar takarda a bar shi. Na ƙwarai ya kan bushe ya tafi, wanda aka gauraya da wani mai kuwa ya bar tabon maiƙo. Bayan an gama, a ɗaure murfin tam, a sa kwalbar inda hannun yaro ba ya kai. Kada a juye shi cikin kwalbar maganin tari ko ta lemo.

In kuwa tsautsayi ya auku yaro ya sha, alamun su kan bayyana cikin minti kaɗan ko 'yan awoyi: zafin baki, amai, tangaɗi, barci mai nauyi, jijjiga, bakinsa kuma yana ƙamshin man. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba, gama abin na iya sarƙe shi ya shiga huhu, ɓarnar ta fi ta farko. A kwantar da shi ta gefe, a ɗauki kwalbar, a garzaya asibiti ko da yaron yana wasa. Mutanen Keffi suna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a cikin gari. Mazauna Kudu kuma ya kamata kowa ya san asibitin da ya fi kusa da unguwarsa tun kafin dare ya yi masa.

SAURO FA?

Jama'a da dama su kan ƙona ganyen zaiti da magariba don korar sauro. Hayaƙin ya kan kore shi na ɗan lokaci, da ya lafa kuma sauro ya dawo. Akwai wani irin zaiti mai ƙamshin lemun tsami wanda a ke sarrafa mansa a masana'anta a yi maganin sauro na shafawa, har hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa shi cikin waɗanda ta amince da su a 2005, tare da sharaɗin kada a shafa wa yaron da bai kai shekara 3 ba. Wannan dabam ya ke da man kwalbar da a ke shaƙa don mura. Gidan sauro mai magani dai har yanzu shi ne abin dogara.

ARZIKI A KWANCE

Wani abin mamaki shi ne, ga itacen a bayan gida, amma kwalaben da suka cika kantuna galibi daga waje a ke shigo da su. Mafi yawan man zaitin da a ke ciniki a duniya daga ƙasar Sin ya ke fitowa, sai Afirka ta Kudu da Fotugal da Sifen da Burazil da Ostareliya. A nan kuwa in an sare itacen an kwashe sanduna, ganyen a kan bar shi ya bushe ko a cinna masa wuta.

Gaskiya ne ba kowane zaiti ne ke ba da man da ya kai ƙa'idar magani ba. Irin da aka fi dasawa a Arewa mansa ya kan bambanta, wani mai ƙarfi wani marar ƙarfi, gwargwadon inda aka samo irin. Amma wannan aiki ne na awo, ga kuwa masu awon a kusa: Jami'ar Jihar Nasarawa tana cikin Keffi, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa tana Idu a Abuja, cibiyar binciken gandun daji kuma tana Badun. Tukunyar tatsa ba ta fi ƙarfin maƙeran zamani masu walda ba. 'Yan kasuwar Arewa da suka iya kai goro da shanu da albasa daga wannan iyaka zuwa waccan, ba za su kasa sayar da 'yar kwalba ba. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Kafin a kai ga wannan, abin da ke wuyan kowane mai gida ƙarami ne. Wanda ke da kwalbar a ɗakinsa, yau ya duba inda ta ke, ya ɗaga ta sama. Wanda kuma zai kai ta gida tsaraba, kada ya miƙa ya yi shiru. Ya gaya wa tsohuwa da uwargida da amarya cewa wannan zaiti ne ba zaitun ba, na shaƙa ne ba na sha ba, kuma ba a kusantar jariri da shi. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuriya, amin.